Babi na Shida: Da Mudun Wa Za a Auna?

A watan Janairun 2022 wani jirgin ruwa ya yada zango a tashar Hastings, cikin jihar Biktoriya da ke kudancin Ostiraliya. Ba wani ƙato ba ne. Tsawonsa mita 116, in ka jera shi da manyan jiragen dakon ɗanyen mai sai ka ga kamar maraƙi a gefen bijimi. Amma jami'an gwamnati da shugabannin kamfanoni sun fito tararsa, domin shi ne jirgi na farko a duniya da aka ƙera musamman don dakon haidirojin da aka mayar ruwa. Kamfanin Kawasaki na Japan ne ya ƙera shi, aka raɗa masa suna Suiso Frontier, "suiso" kuwa da Japananci haidirojin ke nan. A cikinsa akwai tanki guda mai bango biyu, irin ƙirar fulas ɗin shayi, mai cin kubik mita 1,250. Haidirojin ba ta yarda ta zama ruwa sai an sanyaya ta zuwa digiri 253 ƙasa da sifiri, kuma a haka tankin zai riƙe ta tsawon tafiyar kilomita kusan 9,000. A watan Fabrairu jirgin ya koma Kobe da kayansa lafiya. Aka yi ta tafi.

Da tafin ya lafa sai tambaya ta biyo baya: shin kayan nan mai tsabta ne? In a Kobe kake tsaye, amsar e ce, don haidirojin ba ta fitar da hayaƙin kabon ko kaɗan idan an ƙona ta. In kuwa a kwarin Latrobe kake, inda aka samo ta, zance ya sha bamban. Daga kwal aka tatso ta, kwal ɗin ma mai ruwan ƙasa, wanda ya fi kowane iri ƙazanta. Masu aikin sun ce in an kai matakin kasuwanci za a kama hayaƙin a binne shi ƙarƙashin teku. A matakin gwaji dai ba a binne komai ba, takardun fansar hayaƙi aka saya. Kaya ɗaya, jirgi ɗaya, amma wanda ya karɓa yana cewa tsarkakakke, maƙwabcin masana'antar yana cewa a'a.

Kuma babu ɗakin gwajin da zai raba wannan gardama. Nan ne cinikin haidirojin ya bambanta da kusan duk wani ciniki da muka saba. Maƙerin zinariya yana goga awarwaro a dutse ya gane ko an yi mata gami. Mai sayen zuma yana ɗiga ta a ruwa, mai sayen nono yana karkata ƙwarya ya ga ko an tsinka. Algus yana barin sawu a jikin kaya. Haidirojin kuwa, da zarar an tace ta, wadda aka yi da hasken rana da wadda aka yi da kwal ba su da maraba: ba launi, ba wari, ba ɗanɗano, nauyi ɗaya, ƙarfi ɗaya. Wanda ya biya ninki biyu ko uku don ya sami mai tsabta, ba iskar ya biya wa ƙarin ba. Tarihinta ya saya. Tarihi kuwa ba ya shiga tanki, sai dai ya biyo kaya a takarda.

Mu ma mun taɓa ganin yadda kaya ke rabuwa da asalinsa a hanya. Fatar jar akuyar Sakkwato, wadda majema suka sha wahalarta, ta yi ƙarnuka tana ratsa Sahara a bayan raƙuma. In ta isa kasuwannin Turai sai a kira ta fatar Maroko, saboda ta hannun fataken can ta fito. Ba wanda ya riƙe shaidar inda aka yanka akuyar, don haka suna ya tafi ga mai tashar ƙarshe.

Daga ina take fitowa?

Haidirojin ba baƙuwa ba ce a masana'antu. A 2023 duniya ta yi amfani da tan miliyan 97 nata, bisa lissafin Hukumar Makamashi ta Duniya da ke Faris. Matatun mai suna cire ƙibiritu daga fetur da dizal da ita. Masana'antun taki suna haɗa ta da naitirojin na cikin iska su sami amoniya, daga amoniya kuma a sami yuriya. Wato manomin da ya barbaɗa farin taki a gindin masararsa a Saminaka ko Funtuwa ya riga ya zama mai sayen haidirojin, ko bai taɓa jin sunanta ba.

Matsalar ita ce yadda ake yin ta. Kusan kashi biyu cikin uku daga iskar gas ake cirowa, ta hanyar gauraya gas da tururi mai tsananin zafi, kuma kowane kilo guda yana barin kilo 10 zuwa 12 na hayaƙin kabon. Kusan kashi ɗaya cikin biyar daga kwal ne, akasari a Sin, inda kilo guda ke barin fiye da kilo 20. In aka tara, sana'ar tana sakin hayaƙin da ya haura tan miliyan 900 a shekara. Mai tsabtar da ake ta yi wa taro ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari ba.

Ɗaya hanyar kuwa duk wanda ya yi kimiyya a sakandare ya gan ta, in makarantarsu na da malamin da ya damu. Kofin ruwa, batiri, fensir biyu da aka feƙe kai da gindi. A haɗa waya, a tsoma bakin fensiran, sai ka ga ƙananan kumfa suna tsattsafowa, gefe ɗaya ya ninka ɗayan yawa. Mai yawan ita ce haidirojin. Abin da manyan na'urorin tsaga ruwa ke yi ke nan, sai dai girmansu ya kai ɗakin taro. Kilo guda yana cin ruwa aƙalla lita tara da wutar lantarki yunit 50 zuwa 55. A riƙe wannan lamba, don duk rigimar da ke tafe daga gare ta ta taso. In wutar daga farantan sola ko fankokin iska ta fito, hayaƙin kusan babu. In daga tashar kwal ta fito, wadda kowane yunit nata ke barin kusan kilo guda, to kilo ɗaya na haidirojin ya jawo hayaƙi wajen kilo 50, ninki huɗu na wadda aka yi da gas kai tsaye. Na'ura iri ɗaya, ruwa iri ɗaya. Bambancin yana can ƙarshen wayar, inda mai saye ba ya gani.

Da farko launuka aka raba. Ta gas toka-toka, ta gas da aka binne hayaƙinta shuɗiya, ta rana da iska koriya, ta nukiliya ruwan hoda. Sunayen sun yi wa 'yan jarida daɗi, amma ba sa auna komai. Shuɗiya tana iya zama wadda aka kama rabin hayaƙinta, tana iya zama wadda aka kama kashi 95. Kuma ko an kama duka, akwai gas ɗin da ke tsiyaya tun daga rijiya da bututu, wanda a cikin shekara ashirin ya fi hayaƙin kabon riƙe zafi kusan sau 80. Duk ƙasar da ke ƙona gas a bakin rijiya, kamar yadda har yau ake gani a yankin Neja Delta, wannan nauyi zai bi haidirojin ɗinta duk inda ta je. Shi ya sa a Afrilun 2023, lokacin da Japan ke jagorancin ƙasashen G7, Hukumar Makamashi ta Duniya ta ba da shawarar a ajiye zancen launi a koma ga lamba: kilo nawa na hayaƙi a kan kowane kilo na haidirojin.

Kowa da mudunsa

Duk wanda ya taɓa sayen hatsi a kasuwar ƙauye ya kai birni ya san mudu suna ne kawai. Na wannan kasuwa ya fi na waccan zurfi. A nan ana cikawa har tsororuwa, a can a shafe baki. Wani ma'auni yana tare gefe da hannu, wani ba ya yi, wani kuma gindin nasa bugagge ne. Ɗan kasuwar da ya san hannunsa ba ya tambayar farashi sai ya ɗaga mudun ya juya shi.

To haka aka wayi gari da haidirojin. Indiya, a ƙa'idar da ta fitar cikin Agustan 2023, ta ce koriya ita ce wadda ba ta wuce kilo 2 ba. Birtaniya ta tsaya a kilo 2.4. Tarayyar Turai ta ce sai an rage kashi 70 cikin ɗari na hayaƙin man da za a maye gurbinsa, wanda ya kama kilo 3.38. Japan ta ce 3.4. Koriya ta Kudu ta ce 4. Amurka, a dokar da Shugaba Biden ya sa wa hannu a Agustan 2022, ita ma ta fara daga 4, amma ta yi matakala: cikakken rangwamen haraji na dala 3 a kowane kilo sai wanda ya sauko ƙasa da 0.45. Ƙungiyar masana'antun haidirojin ta Sin kuwa ta sa iyakar mai tsabta a 4.9.

Mai karatu zai ce ai abin da sauƙi, a zauna a tsayar da lamba ɗaya. Ina ma. Dubi Turai da Japan: 3.38 da 3.4, kamar an yi shawara. Amma Japan tana ƙidaya ne daga rijiya zuwa ƙofar masana'anta, Turai kuwa tana bin kayan har inda za a yi amfani da su. Wutar da aka ci wajen mayar da haidirojin amoniya, baƙin man da jirgi ya sha daga Bahar Maliya zuwa Rotadam, zafin da aka kashe wajen sake warware amoniyar, duk suna cikin lissafinta. Lamba kusan ɗaya, amma ɗayan mudun ya fi zurfi nesa ba kusa ba. Indiya da ta fi kowa ƙaramar lamba, matsakaicin wata goma sha biyu take ɗauka, don haka watan da aka yi ɓarna yana iya ɓuya a bayan watan da aka yi kirki.

Ga wanda zai zuba dala biliyan da yawa a hamada, wannan ba ƙaramin ciwon kai ba ne. Masana'antar da za ta yi shekara talatin tana aiki, tun ranar zana ta ake yanke yawan farantai da girman rumbun ajiya. In an zana ta da ma'aunin Tokiyo, mai yiwuwa Barasal, hedkwatar Tarayyar Turai, ta ƙi kayan. Banki kuma ba ya ba da bashi a kan "mai yiwuwa".

Sharuɗɗa uku na Barasal

Ma'aunin Turai ya cancanci a tsaya a kansa, don ita ce mai sayen da kowa ke hange. Bayan Rasha ta afka wa Yukiren a 2022, Tarayyar ta ce nan da 2030 tana so ta yi tan miliyan 10 a gida, ta shigo da wasu miliyan 10 daga waje. A 2023 kuma ta yi doka cewa nan da 2030 kashi 42 cikin ɗari na haidirojin da masana'antunta ke sha dole ya zama na makamashi mai sabuntuwa. A shekarar ne ta fitar da sharuɗɗan da kaya zai cika kafin a ƙidaya shi, kuma sharuɗɗan suna hawa kan na Sifen kamar yadda suke hawa kan na Masar ko Chile.

Na farko: wutar ta zama ƙari. Ba za ka je ka kama wutar tsohuwar madatsar ruwa da gari ke sha ka ce ka yi haidirojin mai tsabta ba, domin garin zai koma ya kunna tashar gas ya cike giɓin. Tashar solar ko ta iskar da za ka dogara da ita kada ta girmi na'urarka da fiye da wata 36. Wannan sharaɗi, a ganina, shi ne mafi adalci a cikinsu, kuma talakan ƙasa mai sayarwa ya fi kowa cin moriyarsa. Wanda ya san zaman duhu ba sai an yi masa dogon bayani ba: in babban kamfani ya jona bakinsa a layin da unguwa ke sha, an san wanda za a ɗauke wa wuta.

Na biyu: wuri. Tashar da na'urar su kasance a shiyyar kasuwar wuta ɗaya, kada a sayi iskar da ke kaɗawa a wata uwa duniya alhali babu wayar da za ta kawo ta. Sai dai shiyyar da dokar ke nufi tsari ne na kasuwar lantarkin Turai. Ƙasar da kamfanin gwamnati guda ke riƙe da wuta daga tasha har mita, sai lauyoyi sun zauna sun nemo abin da ya yi kama da shiyya a wurinta. An ɗinka riga da awon wani, an ce kowa ya sa.

Na uku shi ne mai zafi: lokaci. Har ƙarshen 2029, in wutar da tasharka ta bayar a wata ta yi daidai da wadda na'urarka ta sha a watan, shi ke nan. Daga 1 ga Janairun 2030 kuwa awa-awa za a duba. Ka ɗauki mai gidan da ya sa sola a rufi, da rana yana tura rarar wuta ga maƙwabta, da dare yana jan ta janareton unguwa. A lissafin wata zai rantse bai sha komai ba sai rana. A lissafin awa, ƙarfe biyun dare za ta tona shi. Masu kare muhalli suka ce in ba a yi haka ba an buɗe ƙofar tauye mudu. Masu masana'antu suka ce na'ura mai tsadar gaske da za ta riƙa barci duk lokacin da rana ta faɗi ko iska ta kwanta ba za ta taɓa mayar da kuɗinta ba. Duka biyun gaskiya suka faɗa, abin da ya sa gardamar ta ƙi ƙarewa ke nan. A gefe guda kuma Faransa, mai tashoshin nukiliya, ta daɗe tana ja da Jamus kan matsayin haidirojin da aka yi da wutar nukiliya. Ko a cikin gida ɗaya ma ba a gama shirya mudun ba.

Abin da aka cimma a Dubai

Masu ƙoƙarin haɗa kan ma'aunan sun daɗe suna aiki ba tare da an ji su ba. Akwai ƙawancen gwamnatoci da ake kira IPHE, wanda aka kafa a Washinton tun 2003. Ƙwararrunsa sun yi shekaru suna tsara hanyar lissafi guda, aka miƙa wa hukumar ƙa'idoji ta duniya, ISO, ita kuma ta fitar da ita da lamba 19870 a taron sauyin yanayi na Dubai cikin Disamban 2023. A taron ne ƙasashe sama da talatin, ciki har da Jamus, Japan, Amurka, Indiya, Namibiya, Masar da Nijeriya, suka amince da wata sanarwar niyya cewa za su yi aiki don kowa ya riƙa karɓar takardar shaidar ɗan'uwansa.

A lura da kalmar: niyya. Ba yarjejeniya ba ce mai ɗaure kowa. Ita ma ƙa'idar ISO ba ta ce ga iyakar mai tsabta ba. Abin da ta ce shi ne ga yadda ake ƙidaya, ga inda ake farawa, ga abin da ba a tsallakewa. Wasu sun raina wannan, ni ban raina ba. Ba a sa kowa ya sayar a farashi ɗaya ba, amma an kama hanyar sa kowa ya auna da sikeli ɗaya, ya rubuta nauyin a jikin buhu. Daga nan mai saye ya ga dama ya ce ba ya karɓar abin da ya wuce kilo 2, wani ya ce shi 4 ma ta yi masa. Ƙasashe ba sa son a taɓa musu ikon sa iyaka, don iyakar tana tafiya da arzikin da Allah ya ba kowa: mai gas yana son ta da faɗi, mai rana yana son ta a matse.

Saura tambayar yadda takarda za ta bi kaya. Hanya ɗaya ita ce su tafi tare. In ka zuba tan 30 mai shaida a tankin da ke da tan 70 marar shaida, sun gauraye, ba mai iya raba su, amma littafi ya san 30 ne kawai za ka sayar da sunan mai tsabta, kuma sai ga wanda tankin ya isa wurinsa. Turai wannan ta zaɓa. Ɗaya hanyar ita ce a raba su, kamar yadda alhaji ke ba ɗan canji naira a Wapa ya karɓi riyal a Makka, ba tare da takardar kuɗi ko ɗaya ta hau jirgi ba. A yi haidirojin mai tsabta a Chile a yi amfani da ita a can, a sayar da shaidar ga masana'anta a Jamus. Ta fi arha, ba jirgi ba tanki. Amma duk wanda ya san harkar canji ya san a kan amana take tsaye, kuma ranar da aka sayar da shaida ɗaya ga mutum biyu, kasuwar ta mutu. Sai a Disamban 2024 Hukumar Tarayyar Turai ta amince da tsare-tsare uku da za su riƙa ba da shaidar cika sharuɗɗanta: CertifHy, ISCC da REDcert. Dukansu a Turai suke.

Ina masu saye?

Darasin jirgin Kawasaki bai ɓace ba: sanyin digiri 253 yana da tsada. Shi ya sa kusan duk manyan ayyukan fitarwa suka koma ga amoniya, wadda ke zama ruwa a digiri 33 ƙasa da sifiri, kuma an daɗe ana dakonta a teku. Tun Satumban 2020 Saudiyya ta aika wa Japan tan 40 na amoniya shuɗiya don gwaji. A NEOM ta Saudiyya, a gaɓar Bahar Maliya, ana gina masana'antar dala biliyan 8.4 da aka tsara za ta riƙa yin tan 600 na haidirojin a kullum daga rana da iska.

Jamus ta ƙirƙiro wata dabara mai suna H2Global. An kafa kamfani, Hintco, ya zama dillalin da ke faɗuwa da gangan: ya saya da tsada a kwantiragi mai tsawo don mai masana'anta ya sami abin nuna wa banki, ya sayar a Turai ga wanda ya fi tayi, gwamnati ta cike giɓin. A Yulin 2024 aka bayyana sakamakon gwanjon farko. Kamfanin Fertiglobe ya ci, da amoniyar da za a yi a Ain Sukhna ta Masar, a kan yuro 1,000 kowane tan har Rotadam, daga 2027 zuwa 2033, kwantiragin yuro miliyan 397. Farashin ya kai kusan ninki biyu na amoniyar gama-gari a lokacin. Rabin kuɗin, in ka duba da kyau, na takarda ne.

Sauran labarin bai kai haka daɗi ba. A Yulin 2024 ɗin dai kotun binciken kuɗi ta Tarayyar Turai ta ce burin miliyan goma-goma ba a gina shi kan lissafi mai ƙwari ba. Bayan wata biyu kamfanin Equinor ya jingine shirin bututun da zai kai haidirojin daga Norwe zuwa Jamus, saboda tsada da rashin masu saye. Amurka ta fitar da cikakkun ƙa'idojin rangwamenta a Janairun 2025, shekara na raba tsakiya sai sabuwar gwamnati ta gajarta wa'adinsa.

Namibiya ce ta fi ba ni tunani. Ƙasa ce mai mutum miliyan uku, ga rana ga iskar teku da ba ta gajiya. Marigayi Shugaba Hage Geingob ya ɗora buri a kan aikin Hyphen, kusa da garin Luderitz, na kimanin dala biliyan 10, kuɗin da ya kusa kai duk abin da ƙasar ke samarwa a shekara. Amma filin yana cikin gandun Tsau Khaeb da aka keɓe don kare halittu. Ruwan sai an tace na teku. Ƙasar kanta fiye da rabin wutar da take sha daga maƙwabta take sayowa, kuma kusan rabin mutanenta ba su da lantarki. Faɗaɗa tashar jiragen ruwan garin kuma ya tayar da hankalin al'ummar Nama, domin a nan tsibirin Shark yake, inda sojojin mulkin mallakar Jamus suka tsare kakanninsu da na Herero tsakanin 1905 da 1907, mutane masu yawa suka mutu. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba ya shiga lissafin kilo a kan kilo. Kaya zai iya cin jarrabawar 3.38 da maki mai kyau alhali garin da ya fito yana sayen ruwa a jarka. A Satumban 2025 kamfanin RWE na Jamus, wanda ya yi niyyar sayen amoniyar aikin, ya janye.

Ba wai ƙasashen Afirka sun naɗe hannu ba ne. A Mayun 2022 Kenya, Afirka ta Kudu, Namibiya, Masar, Maroko da Muritaniya sun kafa ƙawancensu na haidirojin. Sai dai taron shugabanni daban, kujera a kwamitin ƙwararru daban. A kwamitin ne ake yanke ko hayaƙin jirgi a wuyan mai saye yake ko na mai sayarwa, da wanda ya isa ya zo ya duba mita ya buga hatimi, da kuɗin da za a biya shi. Ƙasar da ba ta da ɗakin gwaji da masu binciken da duniya ta yarda da su, hayar su za ta yi da kuɗin waje daga ƙasar mai saye. Manoman wake sun ɗanɗana irin wannan a 2015, lokacin da Turai ta rufe ƙofa ga busasshen waken Nijeriya saboda ragowar maganin ƙwari. Laifin wasu ne, amma da yake babu tsarin shaidar da zai raba buhun mai gaskiya da na mai ganganci, hukuncin ya hau kan kowa, shekara da shekaru.

Kuma maganar ta riga ta iso bakin ƙofa, ko da Nijeriya ba ta fitar da kilo ɗaya na koriyar haidirojin ba. Tarayyar Turai ta kafa harajin kabon a kan iyakarta. An fara da matakin kai rahoto a Oktoban 2023, matakin biya kuma daga Janairun 2026, kuma cikin kayan da ya shafa akwai siminti, ƙarfe, alminiyam, haidirojin da takin zamani. Masana'antar Dangote da ke Lekki, mai ƙarfin tan miliyan 3 na yuriya a shekara, da ta Indorama da ke Eleme, duk daga gas suke ciro haidirojin ɗinsu. A jikin buhun yuriya lamba ɗaya manomi ya sani, 46, wato kason naitirojin da ke ciki. Buhun da zai sauka a Antwerp ko Rotadam yanzu sai ya zo da ta biyu: hayaƙin da aka saki kafin a ɗinke bakinsa, da sa hannun mai binciken da Turai ta yarda da shi. Wanda bai kawo tasa lambar ba, akwai wadda Barasal ta tanada za a rubuta masa.